Sumana da Jirgin da Ba Ya Sauka

A Saga, can ƙasan Yamai inda gonakin shinkafa suka bi bakin kogi, in aka tada maganar tsaron tsuntsu har yau akwai tsofaffin da za su kira sunan Sumana. Bazabarme ne, haifaffen garin, gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Bai shiga lakwal, makarantar boko, ba, allo ma bai yi nisa ba. Hausarsa a kasuwa ya tsince ta, tana isarsa ciniki da gaisuwa da ramuwar ba'a. Abin da ya sani ciki da waje shi ne tsuntsu.

Wanda bai taɓa noman shinkafa ba zai ɗauka wahalar a dashe take, ko a cirar ciyawa cikin laka. To akwai wadda ta fi su. Daga ranar da shinkafa ta fid da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono, har ranar da lauje zai shiga, jan baki ne abokin gaba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai, garke yake zuwa har ya tare rana. Don haka kowa yana kafa rumfa mai tsayi a bakin gonarsa, ya ja igiyoyi daga rumfar zuwa kusurwoyi, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsuntsu ya taso, a ja igiya, a yi ihu, a bi shi da majajjawa da dunƙulen busasshiyar laka.

Kowa yana yi, amma na Sumana daban ne. Wasu suna jifan inda tsuntsu yake, shi kuwa inda tsuntsu zai zo yake jifa. Ya san garken da ke kwana a tsibiri ta bayan itatuwan mangwaro yake ɓullowa, ya karkata hagu kafin ya sauka. Ya san na ƙetaren kogi ƙasa-ƙasa yake tahowa, yana bin hanyar ruwa. Ya kuma san lokutansu kamar yadda ladan ya san nasa: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwarta. Tsakanin nan, in rana ta take, tsuntsu yana cikin inuwa, baki buɗe. Wannan ba sanin Sumana kaɗai ba ne, duk Saga a kansa aka tashi. Rana ta yi tsaka sai masu tsaro su sauko gindin rumfa, a ci abinci, a miƙe ƙafa, a yi azahar. Haka iyaye suka yi, ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai aka yi farin nan na tamanin da huɗu, soja suna da shekara goma a kan mulki. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. A arewa gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mutane suka fara gangarowa Yamai, wasu a kaminyo, babbar motar kaya, wasu a ƙasa. Cikinsu har da surukarsa Hamsatu, uwar matarsa Habsatu, daga Zarmaganda, tare da ƙaramar 'yarta da jikoki uku. Gidan mutum biyar ya koma na goma. Sumana ya bar musu ɗakinsa ya koma zaure.

Gonarsa ɗaya ce, ba ta da girma, tana shan ruwan pampo daga kogi. Kogin ya ja baya amma bai ƙafe ba tukuna, shinkafar kuwa ta yi kyau, kamar ba ta san halin da ƙasa take ciki ba. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa a gidan ya sani: in shinkafar nan ta shigo lafiya, mutum goma za su kai girbin rani a ƙarƙashin rufi ɗaya. In ba ta shigo ba, baƙi sai su ƙara gaba.

Da ta kusa fid da kai, ya hau kekensa ya tafi kasuwar Katako a Yamai sayen igiya da gwangwanaye. Can yake da aboki, Dauda mai gyaran rediyo, Bagobiri daga Tibiri. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa akwai wasa tun kakanni, ba a gaisawa sai an taɓa juna.

"Fofo, bawana," in ji Dauda da gaisuwar Zabarmanci, tun Sumana bai jingine keke ba. "Yunwa ta koro ka? Ko zogale ya ƙare a Saga?"

"Na zo ganin dukiyata," Sumana ya ce. "Kai da shagon duk gadona ne. Mene ne wancan ke kuka kamar an taka kyanwa?"

A ƙuryar shagon mutane sun yi cirko-cirko gaban wani akwatin katako da tsayinsa ya kai mutum. Daga wani kulob na Anasara ya fito, wanda aka rufe da kasuwar iraniyom ta faɗi. Masu katako sun so su fasa shi don allunan, Dauda ya hana, ya yi mako biyu yana bin wayoyi har abin ya tashi. Yana da gilashi irin na talabijin amma a tsaye, tsawonsa ya fi faɗinsa. A gindin gilashin ga ɗan jirgi fari, hancinsa sama. Sararin sama baƙi ƙirin da taurari yana ta zamewa ƙasa, sai ka ga kamar jirgin ne ke hawa. Daga can sama abokan gaba suna zubowa, wasu kamar ƙwaro, wasu kamar faranti, suna sako wuta. Sanda ɗaya gajera ta hannun hagu ita ke kai jirgin dama da hagu, maɓalli ja ɗaya na harbi. Jirgi uku ake ba mutum, na uku ya fashe sai ya ba na baya wuri.

Masu wasan ba yara ba ne. Kafintoci ne da masu tura amalanke, da ɗaliban jami'a masu ƙetaro gada daga Lamorde. Duk hali ɗaya gare su: dukan maɓalli kamar zai ɓalle, fizgar sanda, zagi. Sumana ya tsaya da igiya a kafaɗa yana kallo har ƙafarsa ta yi sanyi. Bayan kwana biyu ya dawo, wai gwangwanayen ba su isa ba. A zuwa na uku ya yi magana.

"Tsuntsayen nan naka ba su da wayo."

"Tsuntsaye? Jiragen yaƙi ne, baƙauye."

"Ko mene ne. Biyar na farko daga hagu suke zuwa, kullum. Sai biyar daga dama. Sai masu faranti su zo tsakiya su rabu biyu. Mutanen nan suna bin su da gudu, alhali tsayawa ake yi a jira su."

"To malam babba, ga sanda ga maɓalli," Dauda ya ce, yana ƙifta wa jama'a ido. "Ku matsa, Bazabarme zai tuƙa jirgi. Mai rauni a zuciya ya fita waje."

Jirginsa na farko bai daɗe ba, hannun ya saba da igiya, ya fizgi sanda da ƙarfi ya kai kansa cikin wuta. Aka yi dariya. Na biyu ya sassauta. Da na uku ya wuce inda ɗalibai suke tsayawa, bai harba rabin abin da suke harbawa ba. Shago ya yi tsit, sai kukan mashin. Daga ranar Dauda ya nuna masa wata waya a bayan akwatin da in an taɓa ta wasa ke tashi ba tare da an jefa kuɗi ba, don in Sumana yana kan sanda shago cika yake yi.

Shinkafa ta fid da kai, tsaro ya kama. Sumana ya tsara wa kansa yini. Da asuba yana kan rumfa. Hantsi ya yi, tsuntsu ya shiga inuwa, maƙwabta suka sauko cin abinci, shi sai ya hau keke. Ya yi wasa biyu ko uku, ya yi azahar a Katako, kafin la'asar ya dawo ya hau rumfarsa. A gida in aka tambaya ya ce ya je Katako. Ba ƙarya ya yi ba.

Mutum ne mai auna abu kafin ya so shi, kuma ya auna wannan. Abin da ya fara burge shi adalcin mashin ne. Ba ya duban riga. Biyar daga hagun nan su za su zo wa ɗalibi, su za su zo wa mai amalanke. Wata rana wani soja ya shigo cikin kakinsa, kowa ya ja baya, aka ba shi sanda. Kafin a sha ruwa a ajiye moɗa jiragensa uku sun fashe, mashin ya busa masa ɗan kiɗan nan na faɗuwa da yake busa wa kowa. Jama'a suka sunkuyar da kai, kowa yana danne abin da ke cikinsa, har sai da sojan ya yi dariya da kansa. A shekarun nan magana awo ake yi mata. Ko tsadar gero mutum zai faɗa sai ya waiwaya tukuna, don ba a san kunnen da ke kusa ba. Amma a gaban akwatin Dauda ana gardama da ƙarfi, a yi rantsuwa, a ƙaryata juna, kowa ya tafi gida lafiya.

Sai kuma haƙuri da yake sakawa. Mai gaggawa ba ya nisa a cikinsa, mai lura kuwa kullum sai ya ƙara taki. In ka faɗi ka san abin da ya kada ka, hannunka ne, ba hadari ba ne ya ƙi zuba. Kuma a take za ka sake daga farko. Ga manomi wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi da kuskurensa ke jiran wata shida kafin ya sami damar gyarawa.

Aibinsa ma bai ɓoye ba, yana faɗa wa Dauda a fuska.

"Jirginka ba ya waiwaye. Abu ya wuce ka ya wuce, ko a bayanka yake ba ka juyawa ka harbe shi. Wane irin mayaƙi ne wannan?"

"Irin na Gobir. Mu ba mu san baya ba."

"Kuma bai san salla ba. A kira azahar, ba inda za ka taɓa ya dakata. Sai dai ka saki sanda ka bar shi ya mutu."

"Anasara ya ƙera shi, ba liman ba."

Abin da ya fi ba shi haushi mantuwar mashin. Wanda ya fi kowa nisa, ana ba shi wuri ya sa haruffa uku na sunansa. Sumana ba ya rubutu, wani ɗalibi mai suna Issoufou ke sa masa, ya nuna masa da yatsa ya ce ga ka nan a sama. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ko na ƙiftawar ido, da ya dawo an share, kamar ba a taɓa yi ba. Sumana ya ce abin ba ya da riƙon alheri. Game da abokan gabar da ba sa canza hanya kuwa, ya kasa yanke ko kyau ne ko aibi. Shi ya sa ake iya koyonsa. Shi kuma ya sa, in ka koya, hannunka ke yin wasan, kanka yana wani wuri.

Da haka kawai abin yake da ya gundure shi ya bari. Amma ƙasar da jirgin ke bi tana canzawa. Bayan taurari akwai wani ƙaton jirgi da ya cika gilashi, suna ce masa uwar jirgi. In ka kada ta sai ka shiga wata ƙasa ja, busasshiya, duk duwatsu da ramuka. Ɗalibai biyu ne kawai suka taɓa ganin wannan. Sumana ya wuce ta. Bayan uwar jirgi ta biyu, wata rana, gilashin ya koma kore. Ƙasa ce shar, da kogi shuɗi yana lanƙwasa ta tsakiya, cike har baki. Ya tsaya kallo, wuta ta same shi, jirginsa na ƙarshe ya fashe.

Ya koma Saga ranar yana tuƙa keke ta gefen kogin gaske, da yashi ya fito a tsakiyarsa, da bukkokin tabarma na waɗanda fari ya koro. Ya ƙudurta a ransa cewa tafiyar jirgin nan tana da masauki. Ba mai ƙera hanya mai tsawo haka, daga duhu zuwa ƙasa ja zuwa ƙasa kore, ba tare da ya sa inda za a sauka ba. Yana so ya ga wurin sau ɗaya. Daga nan, ya ce wa kansa, ya gama.

Saura kwana goma sha ɗaya girbi, maƙwabcin gonarsa Isaka ya kira shi. Dattijo ne da ya girme shi da kusan shekara ashirin, tare da uban Sumana suka yi ƙuruciya. Yana zaune gindin rumfarsa da tsuntsaye uku da majajjawa ta kaɗo, ya tsaga maƙoƙon ɗaya da farce.

"Zo ka gani. Me ke ciki?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai. Warhaka da ka tarar da ƙwayar ciyawa cike. Daji ba abin da ya fito bana. Jiya da rana tsaka na ga guda bakwai a kan igiyarka."

"Bakwai ba garke ba ne, Baba."

"Ba garke ba ne," Isaka ya ce, ya goge farcensa a ƙasa. "Na dai gaya maka."

Sumana ya juya maganar a ransa. Shekara talatin yana kan rumfa bai taɓa ganin garke da rana tsaka ba. Ubansa ma bai gani ba. Kuma makonnin nan idonsa ya saba da abubuwa masu zuwa a kan tsari, biyar daga hagu, biyar daga dama, har ya zama in ya dubi sama yana jin ya riga ya san abin da za ta sako. Washegari ya zauna bai je ko'ina ba, rana ta take, ko fiffike bai gani ba. Ya ce to.

Ranar Talata, saura kwana tara, ya sauko da hantsi ya hau keke. Ya riga ya gano sirrin uwar jirgi ta uku: tana buɗe ciki sau biyu ta rufe, a na ukun take daɗewa. Ya kama sanda. Taurari suka wuce, ƙasa ja ta wuce, bai rasa jirgi ko ɗaya ba. A ƙasa kore ya rasa guda. Kafintoci suka ajiye zarto suka shigo, Dauda ya kashe rediyon da yake gyara. Uwar jirgi ta sauko, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, ta rufe. A na uku ya zuba mata wuta, ta tarwatse, gilashi ya yi fari fat. Shago ya ɗauki ihu.

Kogin shuɗi ya yi faɗi a ƙarƙashin jirgin. Sumana ya matso da fuskarsa. Sai gilashi ya yi baƙi, wani rubutu ya fito ya ɓace, taurari suka dawo. Biyar suka zubo daga hagu, irin na farko sak, sai dai sun fi sauri.

"Ina saukar?" ya ce.

"Babu sauka, Baba," in ji Issoufou ɗalibi. "An rubuta zagaye na biyu. Haka zai yi ta komawa, yana ƙara sauri, har jiragenka su ƙare."

"Ba gari? Ba fili?"

"Ba komai. Iyakarsa ke nan."

Sumana ya cire hannunsa daga sanda. Yana da sauran jirgi biyu.

"Kai, bawan Allah, kama!" Dauda ya yi tsawa. "Za su kashe ka! Wa ya taɓa kai nan?"

Ya ratsa mutane ya fita, ko azahar ba a kira ba. Tun da ya fara zuwa Katako bai taɓa komawa da wuri haka ba.

Tun daga kan hanya, kafin ya hango gonaki, ya ji gwangwanaye. Na duk Saga suna kuka lokaci ɗaya, da ihun maza da na mata. Ya miƙe a kan keke yana takawa. Da ya hau gaɓar da ta tare ruwa ya ga abin: garke irin wanda bai taɓa gani ba, yana naɗewa yana warwarewa kamar hayaƙi, rana tsaka, inuwar mutum a ƙarƙashin ƙafarsa. Maƙwabta suna gindin rumfunansu abin ya zo, kowa ya yar da ƙwarya ya haye tasa. Tsuntsu ya zaga, ko'ina ƙara da jifa, sai wuri ɗaya da rumfa ba kowa. Can ya zube.

Isaka ne a tsakanin gonakin biyu, cikin laka har gwiwa, igiyarsa a hannu ɗaya, ta Sumana a ɗaya, yana ja yana ihu da muryar da ta riga ta dishe. Sumana ya yar da keke ya haye rumfa. Ya yi jifa har laka ta ƙare, ya jefa takalmansa. Da garken ya tashi ya nufi ƙetare, ya sauko ya shiga gonar.

Shinkafar da ta cika sunkuyawa take yi don nauyi. Tasa tana tsaye ƙiƙam, kawuna a sama, ba komai a cikinsu. Ya bi layi-layi yana shafawa, ƙaiƙayi yana zuba a hannunsa. Kusurwar da ke jikin gonar Isaka kaɗai ta tsira, da wani ɗan yanki kusa da rumfa. Kashi biyu cikin uku sun tafi.

Tafin hannun Isaka igiya ta yanka shi. Sumana ya yage bakin rawaninsa yana ɗaure masa.

"Tsuntsayen nan ba namu ba ne," dattijon ya ce da ya sami numfashi. "Daga arewa suka zo. Yunwa ta hana su sanin rana." Bai tambaye shi inda ya je ba, a ranar ko bayanta.

Da magariba labari ya riga shi isa gida. Habsatu ta kawo masa ruwa a zaure, ta durƙusa.

"Ƙaddara ce, Maigida. An ce ba a taɓa ganin irinsa ba."

"Ba na kan rumfa."

"Ai kowa ya sauko a lokacin."

"Kowa ya sauko gindinta. Ni ina Katako."

"Igiya ta tsinke?"

"A'a. Wasa na je."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba. Ya gaya mata duka, akwatin, jirgin, ƙasa kore, maganar Isaka da ya ji ya ajiye. Bai rage ba. Daga cikin gida ana jin jikokin tsohuwa suna faɗa a kan ƙanzo.

"Ni zan gaya wa Inna," ta ce a ƙarshe. "Kada ta ji a bakin rijiya."

Kwana taran da suka rage bai sauko daga rumfa ba tsakanin asuba da faɗuwar rana, a can yake salla, a can ake miƙa masa abinci. Ba shi kaɗai ba, duk Saga aka bar saukowar rana a shekarar. Garken ya dawo sau huɗu, bai sami wurin zama ba.

Ranar da ake sussuka sai ga Dauda a kan babur, da buhun masara rabi ɗaure a baya. Ya shigo da bakinsa a buɗe zai yi ba'a, ya ga tarin shinkafar a kan tabarma, ya rufe. Ya sauke masarar ya jingine ta da bango.

"Bawana ba zai mutu da yunwa ina raye ba," ya ce, amma muryar ba ta wasa ba ce. Ya zauna. "In ka ce in fasa akwatin nan, gobe masu katako za su yi benci da shi."

"Me ya yi? Abin da aka sa shi yake yi. Bai taɓa ce mini tsuntsun Allah irin nasa ba ne, ni na ɗauka haka."

"To za ka dawo? Sunanka yana sama, kuran bai ɗauke ba tun ranar."

"Na ga iyakarsa. Ka bar wa masu amalanke, suna jin daɗinsa. Ka dai gaya musu ba ya sauka."

"In na gaya musu wa zai zo?"

Sumana ya yi murmushi, karo na farko a kwanakin.

Abin da aka sussuka, har da masarar Dauda, ba zai kai mutum goma girbin rani ba, ko an koma ci sau ɗaya. Tsohuwa Hamsatu da kanta ta yanke shawara: tana da ƙane a Gaya, can kudu inda aka ɗan sami ruwa, za su tafi wurinsa. Sumana ya raba shinkafar biyu, ya ɗaure musu kashi mafi yawa, ya tura a amalanke har tasha.

Tsakanin mutum da surukarsa akwai kunya, ba ya kallon fuskarta, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ya tsaya nesa kaɗan da kaminyon, idonsa a ƙasa, yana jira ya ji ko za ta bar masa wata kalma, ko wace iri ce. An ɗora yara, an ɗora buhuna. Tsohuwa ta sa ƙafa a kan taya, sai ta dakata, ta juya wajen 'yarta, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Ki ce wa mijinki na bar turmina a bayan ɗaki. Na uwata ne. Kada a bar shi a rana ya tsage."

Aka ja ta sama, mota ta tashi.

Da ya koma gida, kafin ya sha ruwa, ya zagaya bayan ɗaki ya ɗauko turmin ya kai zaure, ya shafe shi da man kaɗanya, ya rufe da tabarma. Damina biyu ya yi a nan kafin ƙanwar Habsatu ta biyo ta ɗauka a hanyarta ta komawa Zarmaganda. Tsohuwar ba ta cikin motar, a Gaya aka binne ta.